Hukuncin Aika Na'ura Ta Nemo Wa Mutum Aiki A Manhajoji Masu Buɗaɗɗen Tushe

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni ɗalibi ne mai karatun kwamfuta, kuma malamanmu suna yawan gaya mana cewa wanda yake son samun aiki bayan kammala karatu sai ya nuna abin da hannunsa ya taɓa yi a manhajoji masu buɗaɗɗen tushe, wato waɗanda masu su suka bar rubutunsu a fili domin kowa ya karanta ya gyara. Ayyukan da ke GitHub, shafin intanet da ake ajiye irin waɗannan manhajoji, sun yi mini yawa har na rasa ta inda zan fara. Yanzu kuwa akwai 'yan aike na ƙirƙirarriyar basira, waɗanda mutum zai gaya wa abin da ya iya, su zagaya su nemo masa matsalolin da suka dace da shi, wasu ma har su rubuta gyaran su tura da sunansa. Shin ya halatta in yi amfani da su? Idan aka karɓi gyaran, zan iya sa shi a takardar neman aiki? Idan kuma aka biya ni lada, kuɗin halal ne?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Dukkan yabo ya tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah da alayensa da sahabbansa.

Ya kai ɗana mai tambaya, ka haɗa abubuwa da yawa a kalma ɗaya, alhali hukuncinsu ba ɗaya ba ne, domin nemo aikin daban, yin aikin daban, tura shi ga mutane da sunanka kuma daban.

Shi kansa taimakawa a irin waɗannan manhajoji aikin alheri ne idan manhajar ta halal ce, yana shiga ƙarƙashin faɗin Allah Maɗaukaki a Suratul Ma'ida cewa ku taimaki juna a kan aikin ƙwarai da taƙawa. Manhajar Linux, wadda Linus Torvalds ya fara a 1991, ita ce tushen Android da ke cikin wayar mafi yawanmu, kuma mutane masu yawa da ba su san juna ba ne suka gina ta. Wanda ya gyara kuskure a irin wannan da kyakkyawar niyya ana fata masa ladan ilimin da ake amfana da shi bayan mutuwarsa, wanda ya zo a hadisin da Muslim ya ruwaito. Idan kuwa an gina manhajar ne musamman don caca ko riba ko yaɗa alfasha, ƙarshen waccan aya ta Ma'ida ya hana taimakawa a kanta, ko da hannu ko da na'ura.

Sa na'ura ta nemo maka inda za ka taimaka halal ne, ban ga wata shubuha a cikinsa ba. Asali a kan kayan aiki da al'amuran rayuwa shi ne halacci har sai dalili ya hana. Ya tabbata a Bukhari cewa lokacin hijira Annabi, sallallahu alaihi wa sallama, da Sayyidina Abubakar sun ɗauki wani mutum daga Banud Dil, gwanin sanin hanya, ya yi musu jagora, kuma wannan bai rage komai daga hijirarsu ba. Na'urar da ta tace maka dubban matsaloli, ta ware waɗanda masu manhaja suka sa wa alamar cewa sun dace da sabon shiga, ta bayyana maka abin da wani ɓangaren rubutu yake yi, aikin jagora ta yi maka. Abin da zan ja hankalinka a kai a nan shi ne ka buɗe matsalar da kanka ka karanta abin da aka tattauna a ƙarƙashinta, domin sau da yawa wani ya riga ya ce shi zai yi, masu manhajar kuma sun ba shi. Shiga gaban wanda aka riga aka ba aiki ya yi kama da abin da aka hana na yin ciniki a kan cinikin ɗan'uwa, kuma na'ura ba lallai ta kula da wannan ba.

Inda maganar take da nauyi shi ne lokacin da ɗan aiken ya wuce nema ya fara aiki da sunanka. Masu ƙera shi suna kiransa da sunan da ke nufin wakili, amma a fiƙihu ba wakili ba ne, saboda wakili mutum ne mai hankali wanda za a iya tuhumarsa idan ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka, ita kuwa na'ura ba ta da wuyan da za a rataya wa haƙƙi. Abin da ya fi kusa da ita a littattafanmu shi ne dabbar da mai ita ya saka. Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa taguwar Bara'u ɗan Azib ta shiga gonar wani ta yi ɓarna, sai Annabi, sallallahu alaihi wa sallama, ya hukunta cewa tsaron gonaki da rana yana kan masu su, abin da dabbobi suka ɓata da dare kuma yana kan masu dabbobin. Wannan hukunci yana nan a Risala, kuma duk wanda ya zauna a ƙauye ya ga yadda ake raba rigimar manomi da makiyayi da shi. Kada ka ce to ai masu manhaja su ne za su tsare gonarsu, domin Shehu Halil ya sharɗanta a Muhtasar cewa ba a ɗauke ramuwar ɓarnar rana sai idan an saki dabbar nesa da gonaki kuma babu makiyayi tare da ita. Kai kuwa kai ne ka nuna wa na'urar ƙofar gonar, ka ba ta mabuɗin shafinka, ka ce ta shiga. Saboda haka duk abin da ta rubuta, duk saƙon da ta aika, duk alkawarin da ta ɗauka cewa za a gyara matsala kaza, kai ne ka yi shi a wurin Allah da wurin mutane.

Ɓarnar da nake magana a kai ta riga ta faru. A watan Oktoba na 2020, tun kafin waɗannan 'yan aike su yaɗu, shirin Hacktoberfest na kamfanin DigitalOcean yana ba da riga ga wanda ya tura gyara huɗu, sai mutane suka cika manhajoji da gyare-gyaren banza, wani ya ƙara kalma ɗaya a takardar bayani ya tura, har aka canza dokar shirin a cikin watan ya zama sai manhajar da ta amince ake lissafawa. A farkon 2024 kuma Daniel Stenberg, ɗan ƙasar Suwidin mai kula da manhajar curl, ya koka a fili kan rahotannin rauni na tsaro da na'ura ta ƙaga, waɗanda suke da kamar gaskiya har sai mutum ya ɓata lokaci yana bincike kafin ya gane babu komai a ciki. Da yawa daga masu kula da waɗannan manhajoji ba a biyansu, bayan sun tashi daga aikin da suke ci da shi suke zama su duba abin da aka turo. Wanda ya saki na'ura ta tura gyara hamsin a dare ɗaya bai karanta ko ɗaya ba, da tunanin ko biyu sa shiga, ya sauke wahalar daga kansa ya ɗora wa wanda bai ji ba bai gani ba, kuma ƙa'idar nan ta hadisi ta hau kansa, cewa babu cuta babu cutarwa. Allah kuma ya ce a Suratul Isra'i kada ka bi abin da ba ka da ilimi a kansa. Wannan salo haramun ne a fahimtata, ba makaruhi kawai ba, domin cutarwar tabbatacciya ce kuma mai yin ta ya san da ita.

Idan kuwa na'ura ta taimaka maka wajen rubutawa, sannan ka karanta kowane layi, ka gwada a kwamfutarka, ka kai matsayin da za ka iya kare gyaran idan aka tambaye ka dalilinsa, to wannan ya halatta, da sharaɗin ka duba dokar manhajar da za ka tura wa, domin ba bakinsu ɗaya ba. Ga misali daga manhajoji huɗu masu buɗaɗɗen tushe: Gentoo ta hana gudummawar da aka rubuta da irin waɗannan na'urori a 2024, NetBSD ma a wannan shekarar ta ɗauki irin wannan rubutu a matsayin gurɓatacce wanda ba a shigar da shi sai da izini, QEMU ta bi sahu a 2025, alhali Fedora ta yarda da shi bisa sharaɗin mai turawa ya ɗauki alhakinsa kuma ya bayyana cewa na'ura ta taimaka. Musulmi suna kan sharuɗɗansu kamar yadda ya zo a hadisi, kuma farkon Suratul Ma'ida umarni ne da cika alkawura. Ba ya halatta ka tura wa wanda ya hana sannan ka yi shiru don ka san ba zai gane ba, ko da gyaran naka daidai ne, kuma ba ya canza hukunci don masu manhajar ba Musulmi ba ne.

Akwai wani abu da ɗalibai suke sa wa hannu ba tare da sun karanta ba. Tun 2004 Linux take buƙatar mai tura gyara ya ƙara layin sa hannu, wanda ma'anarsa shaida ce cewa shi ya rubuta, ko kuma yana da haƙƙin miƙa rubutun a ƙarƙashin lasisin manhajar, kuma wasu manhajoji da dama sun ɗauki wannan tsari. Wannan shaida ce, ba a barin na'ura ta bayar da ita a madadin mutum. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta tabbatar a zamanta na Kuwait a 1988 cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira haƙƙoƙi ne da shari'a take karewa, don haka idan ka ga alamar cewa na'ura ta kwafo rubutun wani mai lasisi daban, wajibi ne ka cire shi ko ka faɗa.

Game da takardar neman aiki, ka rubuta abin da ya faru yadda ya faru. Idan kai ka fahimci matsalar, ka jagoranci gyaran, ka gwada, ka amsa tambayoyin masu dubawa, aikinka ne ko da ka yi amfani da na'ura, kamar yadda ɗinki yake na tela ko da keke ya ɗinka. Idan kuwa na'ura ce ta nemo ta rubuta ta tura, kai sunanka kawai ya hau, sannan ka nuna wa mai ɗaukar aiki a matsayin hujjar ƙwarewarka, to hadisin Asma'u 'yar Abubakar da ke Bukhari da Muslim ya same ka, cewa mai nuna ƙoshi da abin da ba a ba shi ba kamar mai sanye da tufafi biyu na ƙarya ne, haka ma ayar da ke kusa da ƙarshen Ali Imrana a kan masu son a yabe su da abin da ba su aikata ba. Mai ɗaukar aikin ƙwarewa yake saye da albashinsa, kuma wanda ya ɓoye jiƙaƙƙen hatsi a ƙarƙashin busasshe shi ne wanda Annabi, sallallahu alaihi wa sallama, ya ce wa wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Ni abin da ya fi damuna a nan ma shi ne kai kanka, domin ka shiga wannan fage ne don ka koya, kuma ranar da aka zaunar da kai gaban masu tantancewa ba za ka iya bayanin abin da ba ka karanta ba.

Ladan da wasu manhajoji ko kamfanoni suke sawa ga wanda ya gyara matsala ko ya gano rauni shi ne abin da malamai suke kira ji'ala, asalinta kuma yana cikin Suratu Yusuf inda aka yi alkawarin kayan raƙumi ga wanda ya kawo ma'aunin sarki. A ji'ala ana cancantar lada da kammala aikin da aka nema, ba a tambayar da wane kayan aiki aka yi shi sai idan mai sa ladan ya sharɗanta. Don haka idan gyaran na gaske ne, ka tabbatar da shi da kanka, ba ka saɓa sharaɗi ba, kuɗin halal ne. Idan an sharɗanta rashin amfani da na'ura ka ɓoye, ko aka biya ka a kan raunin da daga baya ka gane babu shi, sai ka sanar da su ka mayar da kuɗin, in sun yafe maka bayan sun san gaskiya ya zama naka.

Shawarata a aikace ita ce ka saita ɗan aiken ya tsaya ga karantawa da kawo maka rahoto, kada ka ba shi ikon tura gyara ko rubuta saƙo a shafin kowa sai ka gani ka amince, ka kuma zaɓi manhaja ɗaya ko biyu da kake amfani da su ka lazimce su har masu kula da su su san ka. Idan ka riga ka tura wani abu a baya ta hanyar da na ce ba ta halatta ba, ka koma ka janye wanda ba a karɓa ba, wanda aka karɓa kuma ka rubuta musu a taƙaice yadda aka yi shi domin su sake dubawa, ka nemi gafarar Allah.

Wallahu a'alam.