Tambaya da Amsa: Me Ofishin Shawara na Kwaleji Yake Iya Yi wa Ɗalibi?

Wasiƙun wannan wata akasarinsu daga ɗaliban manyan makarantun Sakkwato suka zo, sai ɗaya daga wani uba. Masu amsawa su biyu ne: malami mai ba ɗalibai shawara a kwaleji, da ma'aikaciyar jinya a sashen lafiyar ƙwaƙwalwa. Kamar kullum, mun cire sunaye.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina shekara ta biyu a NCE. Kusan wata biyu ke nan barci ba ya ɗaukata sai an kusa kiran assalatu, abinci ba ya mini daɗi, kuka kawai ke zuwa ba dalili. Zangon da ya wuce na faɗi kwas biyu. An ce akwai ofishin shawara a makarantarmu, amma ina tsoron a gan ni a ƙofar a ce na haukace, ko a kira Baba a faɗa masa. Ɗaliba, Mabera.

AMSA: Wa alaikumus salam, ƙanwarmu. Abin da kika lissafa ya yi kama da ciwon damuwa. Ma'aunin da likitoci ke bi shi ne mutum ya yi aƙalla sati biyu, kusan kullum, cikin baƙin ciki ko rashin jin daɗin abin da a da yake so, haɗe da lalacewar barci, canjin ci, kasala da rashin tara hankali. Ba a yanke hukunci daga takarda, amma wata biyu sun isa dalilin ki tashi ki je.

Ofishin yakan kasance a ƙarƙashin sashen harkokin ɗalibai. A kwalejojin ilimi kuwa, sau da yawa malaman da ke koyar da darasin shawara da jagoranci su ne ke riƙe da shi, shi ya sa wani lokaci za ki tarar da ƙofar a kulle, malamin yana aji. Kada ki juya ki ce kin gwada. Ki tambayi sakatare ranar da yake zama, ki sa a rubuta sunanki, ko ki wuce asibitin makaranta. Batun a gan ki kuwa, masu shiga ofishin nan da yawa canjin kwas ko matsalar kuɗin makaranta ke kai su, wanda ya hango ki bai san abin da ya kawo ki ba.

Zaman farko yakan ɗauki rabin awa zuwa minti hamsin. Kafin ki buɗe baki, ki tambaya kai tsaye: "Malam, wa zai ji abin da zan faɗa?" Ƙa'idar aikin ita ce ba a kai maganarki ga iyaye ko malaman sashenki ba da yardarki ba, sai idan ranki ko ran wani yana cikin haɗari. Idan kin fi sakewa da mace, ki nema. Idan babu, ki shiga da ƙawar da kika yarda da ita.

Mai yiwuwa a ba ki wata takarda mai tambayoyi tara da ake kira PHQ-9. Kowace tambaya makinta daga 0 zuwa 3 ne, jimla 27. Daga 5 zuwa 9 damuwa ce mai sauƙi, daga 10 zuwa sama ana son a ɗauki mataki, 20 zuwa sama ta yi tsanani. A nan ɗalibai ke cutar kansu. Kunya takan sa wadda kuka ke zuwa mata kullum ta zaɓi "wasu ranaku", makin ya fito ƙasa, a sallame ta da nasiha. Tambaya ta tara kan tunanin mutuwa ce, ki amsa ta da gaskiya, ba wanda zai hukunta ki.

Daga nan a duba jikinki. Ƙarancin jini, zazzaɓin da bai warke sarai ba da ciwon maƙoƙo duk suna kawo kasala da faɗuwar gaba, kuma gwajin jini ne ke raba gardama. Mai ba da shawara ba ya rubuta magani. Aikinsa saurare, koya miki dabarun da za ki riƙa bi, da rubuta takardar tura ki gaba idan abin ya fi ƙarfinsa. A nan wurare biyu aka fi turawa: sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, da Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware. Mun san yadda sunan Kware ke tayar wa mutanenmu hankali. Amma mai irin larurarki kati yake yanka, ya ga likita, ya karɓi magani ya koma gida a ranar. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta ƙarfafa haƙƙin majinyaci na a nemi yardarsa kuma a rufe sirrinsa.

Idan aka ba ki magani, irin su fluoxetine da ake sha da safe ko amitriptyline da ake sha da dare, ki san yana ɗaukar sati biyu zuwa huɗu kafin a fara ganin sauƙi, alhali bushewar baki, tashin zuciya ko nauyin ido tun satin farko suke zuwa. Wasu sukan ajiye shi a kwana goma su ce bai yi ba. Wasu kuma da sun ji garau a wata na biyu sai su daina, ciwon ya dawo ana tsakiyar jarrabawa. Ana ci gaba da sha aƙalla wata shida bayan an samu sauƙi, kuma likita ne ke rage shi a hankali. Kada ki sayi ƙwayar barci a kemis. Irin su diazepam jiki na saurin sabawa da su.

Kafin ranar ganin likita, ki tsayar da lokacin tashi guda, ko kin yi barci ko ba ki yi ba. Bayan la'asar ba shayi mai kauri, ba kofi, ba lemon ƙara kuzari. Ƙailula kada ta wuce rabin awa, waya kuma ta kwana nesa da katifa.

Sai maganar karatu, wadda ita aka fi yin sakaci da ita. Idan kin ga ba za ki iya zana jarrabawar wannan zango ba, ki rubuta takardar neman ɗage karatu tun kafin a fara, zuwa ga rajistara ta hannun shugaban sashenki, haɗe da rahoton likita daga asibitin gwamnati wanda asibitin makaranta ya tabbatar. Ki yi kwafi, a buga masa hatimin an karɓa da kwanan wata, ki adana. Wadda ta zauna gida shiru, kwasa-kwasan da ta yi wa rajista sifiri za su zama, su ja matsakaicin makinta ƙasa, kuma gyara wannan daga baya aiki ne ja.

TAMBAYA: Ɗana yana kwalejin kimiyya da fasaha. Da ya zo hutu sai na ga ya canza: yana magana shi kaɗai, yana cewa abokan ɗakinsa na son kashe shi, ba ya wanka. Innarsa ta tsinci fakitin tiramol a aljihunsa. 'Yan'uwa sun ce ruƙiyya za a yi masa, wani malaminsa ya ce a kai shi ofishin shawara. Wanne zan bi? Uba, Gwadabawa.

AMSA: Baba, Allah ya ba shi lafiya. Wannan ya wuce ofishin shawara, asibiti za ku kai shi cikin satin nan. Jin muryoyi da zargin ana son hallaka mutum kan zo daga shaye-shaye, musamman wiwi, kan kuma zo daga ciwon da ya saba bayyana tsakanin ƙarshen samartaka da shekaru ashirin da wani abu. Likita ne zai tantance, kuma jinkirin watanni yana sa jinyar ta fi wuya.

Addu'a ba ta hana magani, ku yi ta. Abin da muke roƙo a guje wa shi ne mari a ƙafa, duka, turare a ɗakin da aka rufe, da mai cewa a ajiye maganin asibiti. Ku tafi da fakitin da aka tsinta, da wanda ya fi ganin yadda abin ya faro, ku faɗi tun yaushe barcinsa ya lalace. Tiramol mai yawa yana jawo jijjiga irin ta farfaɗiya, yanke shi lokaci guda kuma yana kawo gumi, ciwon gaɓoɓi, gudawa da rashin barci, don haka a bar likita ya tsara yadda zai rabu da shi. A gida kada a yi musu da shi kan abin da yake gani ko ji, kada kuma a gaskata masa. A ce masa an ga yana cikin tsoro, za a je a nemo masa sauƙi.

Amfanin ofishin shawara a nan shi ne kare karatunsa: ɗage zangon a rubuce, da bin sa idan ya koma. Ku riga kwamitin ladabtarwa zuwa. Ɗalibin da iyayensa suka kawo da takardar asibiti, ba ɗaya yake da wanda aka kama da ƙwaya a ɗakin kwana ba.

TAMBAYA: Ina shekarar farko a difloma, fannin kasuwanci. Yayana ne ya zaɓa mini, ni wutar lantarki nake so. Karatun ba ya shiga. In canza ko in daure? Ɗalibi, Farfaru.

AMSA: Ƙanenmu, kafin a kai ga me kake so, mai ba da shawara zai fara da me takardunka suka yarje maka. Ka je da sakamakon WAEC ko NECO, takardar JAMB da makin zangon farko. Injiniyancin lantarki yana buƙatar kiredit a Lissafi, Turanci, Fiziks da Kemistiri. Wanda ya yi ajin kasuwanci a sakandare yawanci ba shi da biyun ƙarshe, kuma ba sa hannun da zai cike wannan giɓi sai ya sake zana jarrabawa.

In takardun sun cika, canji yana buƙatar amincewar shugabannin sassan biyu, kuma galibi a farkon shekarar karatu ake yi. Kuskuren da ke tashi bayan shekaru shi ne a canza a makaranta a bar sunanka a tsohon kwas a kundin JAMB. Ranar neman bautar ƙasa sai a ga bayanan sun saɓa. Ka tabbata an gyara can ma, ka kuma bincika ko hukumar NBTE mai kula da kwalejojin fasaha ta amince da kwas ɗin da za ka koma.

In ba su cika ba, ka san hanyar da ke gabanka. Difloma shekara biyu ce, sai shekara ɗaya ta koyon aiki, sai babbar difloma shekara biyu, wadda aka saba neman ƙaramin kiredit, wato maki 2.50, kafin a shiga. Shiga jami'a kai tsaye a aji biyu kuwa, da yawa babban kiredit suke so, 3.00 zuwa sama. Duk kwas ɗin da ka yi wa fushi ka faɗi yanzu, ƙofofin nan yake rage maka.

Za a iya ba ka gwajin sha'awar sana'a, irin wanda John Holland ya kasa mutane gida shida: masu aikin hannu, bincike, ƙirƙira, hulɗa da jama'a, jagoranci da ciniki, da tsara takardu. Yana da amfani wajen buɗe magana, amma a ganinmu hutu guda a wurin masu haɗa sola ko masu waya a gidaje ya fi shi gaya maka gaskiya. Ka hau kwano da rana a watan Afrilu ka ɗaura farantai, ka ga ko son yana nan. Idan yana nan, sana'ar ana koyon ta a hannu, kuma mai haɗa sola da ya iya lissafin riba da rubuta wa kwastoma farashi bai yi asarar diflomar kasuwanci ba.

Tambaya ɗaya za a yi maka da ya kamata ka amsa wa kanka tun yanzu: karatun kaɗai ne ya fita ranka, ko har ƙwallo, hira da abinci? In duka ne, canjin kwas ba zai magance ba, ka koma ka karanta amsar farko. Yayanka kuwa, ka je masa da takardu da tsari, ya fi ka je da "ba na so".

TAMBAYA: Ƙawata ta faɗi jarrabawa, ta ce mini gara ta mutu ta huta, ta sa na rantse ba zan faɗa wa kowa ba. Ɗaliba, Arkilla.

AMSA: Wannan sirrin ba a riƙe shi, ƙanwarmu, batun rantsuwa ki tambayi malamai kaffararta daga baya. Yau ki tambaye ta a fili: "Kina tunanin kashe kanki? Kin tanadi wani abu?" Tambayar ba ta cusa wa mutum tunanin, sau da yawa ma sauƙi take kawowa. Ki kawar da maganin ƙwari, fiya-fiya da tarin ƙwayoyi daga ɗakin, kada a bar ta ita kaɗai, ki sanar da mai kula da ɗakin kwana ko mai ba da shawara ko wani babba a gidansu. Wa'azin wuta da gori ba nan ne wurinsu ba. In ta riga ta sha wani abu, kada a ɗura mata manja ko madara, kada a sa ta amai. A ɗauki kwalbar a garzaya da ita sashen gaggawa na asibiti mafi kusa.

TAMBAYA: Damuwata kuɗin rajista ce kawai. Ofishin yana ba da tallafi? Ɗalibi, Bodinga.

AMSA: Ba ya raba kuɗi, amma ya san inda ake nema. Akwai rancen ɗalibai na NELFUND da aka kafa da dokar 2024, ba ruwa a cikinsa. Ana biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga makarantar, ɗalibi kuma yana fara maido da rancen shekara biyu bayan bautar ƙasa. Ana nema ta intanet da lambar JAMB, NIN, BVN da lambar ɗalibta. Abin da ya fi tsayar da masu nema shi ne suna ko ranar haihuwa su bambanta tsakanin takardun nan, ko makaranta ba ta ɗora sunan ɗalibi ba. Ka jera su ka duba harafi da harafi kafin ka cike, sannan ka tambayi ofishin harkokin ɗalibai ko sunanka ya shiga.