Na shafa kwalta sau biyu, jirgin bai daina yoyo ba

Tambaya: Ina da tsohon jirgin katako da nake fito da shi a gulbin Rima, wajen Wurno. Yana shan ruwa ta ƙasa, wani katako kuma ya yi laushi. Sau biyu ina shafa kwalta amma a banza. Ina mafita?

Amsa: Malam, kwalta ba ta maganin ruɓa. Rufe ta kawai take yi, danshi ya ci gaba da cin itacen ta ciki.

Jawo jirgin tudu, ka kife shi a inuwa bisa gungume, ka kankare tsohuwar kwaltar. Bi katakon da guduma: mai lafiya ƙwas-ƙwas yake amsawa, ruɓaɓɓe kuwa dum-dum. Inda ka yi shakka soka tsinin wuƙa. Duba sosai inda ruwa ke kwanciya a ciki, da kewayen ƙusoshin da suka yi tsatsa.

Wajen yanke ruɓaɓɓen wurin ne akasari ake yin rowa. Kada ka tsaya a bakin laushin, ƙara kamu guda cikin itace mai kyau ta kowane gefe, don ruɓar ta riga ta wuce inda ido ke gani. Sa busasshen maɗaci mai kauri ɗaya da tsohon, zarensu ya bi hanya guda. Fere bakunan a karkace su hau juna. In kaurin inci 1 ne, karkatar ta kai inci 8. In hakan ya gagara, haɗa su baki da baki ka tokare da wani guntu ta ciki. Huda rami kafin ka buga ƙusa kada katakon ya tsage, kuma nemi ƙusa mai rufin zinki, baƙar ƙusa ba ta daɗewa a ruwa.

Tsagar da ke tsakanin katako kuwa, murza auduga kamar igiya, ka cusa da sannu, sannan ka bi da kwalta mai zafi. Sai itacen ya bushe, in da danshi ba za ta kama ba, har ta fantsar maka. Amma kada ka danna audugar da ƙarfi: zafin Sakkwato na buɗa tsaga, in katako ya koma ruwa sai ya kumbura ya tumɓuke ƙusa. Baƙin man inji da wasu ke shafawa, bar shi, yana hana kwalta kamawa.

Ka jiƙa jirgin a bakin gaɓa kwana 2 ko 3, ka ga ya daina tsattsafo, kafin ka ɗauki ko mutum ɗaya.