Outcry ba kukan hawaye ba ne

Salamu alaikum jama'a. Ƙanena da ka ce ka ga "public outcry" a jarida, kana tambaya ko kuka mutane suka yi: a'a, ko ɗigon hawaye babu. Cry ɗin da aka koya mana a firamare a matsayin kuka, yana kuma nufin ɗaga murya, wato ihu. Shi outcry kururuwar taro ce, jama'a su yi ca a kan abin da bai yi musu ba. Ka tuna 29 ga Mayun 2023, da Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 a nan Arewa? To, abin da ya biyo baya a gidajen rediyo da Facebook, shi ne outcry. Ba ma sai an buɗe baki ba, ko a rubuce aka yi ta Allah wadai, sunansa ke nan.

Ni fa kalmar cry ɗin nan akwai tsohuwar rigima tsakanina da ita. Muna aji uku a sakandare, a'a, aji biyu ne, malaminmu ya ce a fassara "town crier". Na rubuta sanƙira. Mutumin nan ya zabga min jan biro, wai "mai kukan gari" ne daidai. Mai kukan gari! Wa ya mutu? Mai shela fa ake nufi, wanda ke zaga unguwa yana cewa Sarki ya gaishe ku. Na kawo ƙamus na nuna masa, ya ce ina masa rashin kunya. Maki biyu na ya tafi a banza, har yau in na tuna... to, a bar shi dai.

Akwai kuma "hue and cry". A Ingila, a 1285, zamanin Sarki Edward na ɗaya, doka ce: in aka yi ihun ɓarawo, dole kowa ya ajiye abin da yake yi ya bi sawu. Kamar dai a ce "ɓarawo!" a kasuwar Kurmi, sai dai mu ba wanda ya tilasta mana, da kanmu muke fita.

Scream kuma daban, wannan ihun firgita ne, irin na wanda ya taka maciji, shi ma shout... bari, cajina ya yi ja, sai an kawo wuta.