Katunan besbol da mahaifinmu ya bari: a ƙone su, a sayar, ko nawa ne?

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, daga unguwar Bronx ta birnin New York nake rubuto maka. Mahaifinmu ɗan Zangon Kumasi ne, ya zo Amurka tun yana saurayi, ya yi shekaru yana tuƙin tasi. Allah ya ɗora masa son wasan besbol, musamman ƙungiyar Yankees da filinta ke kusa da mu, har ya shafe fiye da shekara talatin yana tara katunan 'yan wasa, irin waɗanda ake buga hoton ɗan wasa a gaba, bayaninsa a baya. Ya rasu wata huɗu da suka wuce. Ya bar mahaifiyarmu, da mu maza biyu, da mata uku. Iyayensa sun riga shi rasuwa. Cikin kayansa mun tarar da akwati shida na katunan nan.

Yayana ya ce hotuna ne, haramun ne, a ƙone su kada su zame wa Baba nauyi a kabari. Ƙanwata da ke aure a Kumasi ta ce a sayar a raba kuɗin. Ni kuwa Baba ya sha gaya mini cewa katunan nan nawa ne, don ni kaɗai nake zama da shi muna jera su. Wani mai shago ya taya su duka dala 4,000. Ina so in riƙe su, in ci gaba da saye ina ajiyewa a matsayin jari, wata rana in bar wa 'ya'yana. Mene ne hukunci, kuma akwai zakka a kansu?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya sa ya huta, ya haɗa kanku a bayansa.

Kada a ƙone su. Wannan na fara faɗa saboda shi ne abin da idan an yi shi ba ya gyaruwa. Yayanka tsoron Allah ne ya sa shi faɗin haka, kuma ya yi riƙo da hadisi ingantacce, wanda ya ce mala'iku ba sa shiga gidan da ke da kare ko sura. Sai dai a wata ruwaya ta wannan hadisin, a Bukhari da Muslim, an togace zanen da ke jikin tufa. Daga nan malamanmu na Malikiyya suka rarrabe: abin da yake haramun ƙarara shi ne sura mai jiki, mai inuwa, cikakkiyar halitta ta abu mai rai, wato gunki da makamancinsa. Zane a kan takarda ko bango, wanda ba shi da inuwa, iyakarsa karhanci. Hoton kyamara kuma ya fi sauƙi a wurin malamai da yawa na wannan zamani, tun daga Shehu Muhammad Bakhit al-Muɗi'i, tsohon muftin Masar. Akwai waɗanda suka tsananta, ina girmama su, amma ko a wurinsu katin da ke rufe cikin akwati ba ɗaya yake da hoton da aka rataye ana girmamawa ba. Sannan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce Allah yana ƙin abu uku gare mu, cikinsu har da tozarta dukiya. Wanda ya cinna wa kayan magada shida wuta a kan mas'alar da malamai suka yi saɓani, sai ya biya sauran rabonsu.

Za a iya cewa, wace irin dukiya ce guntun kwali? Sharaɗin abin sayarwa shi ne ya zama mai tsarki, sananne, ana iya miƙa shi, kuma yana da amfanin da shari'a ba ta hana ba. Amfani kuwa al'adar mutane ke bayyana shi. A Amurka wannan kasuwa ce mai dillalai da gidajen gwanjo da masu tantancewa. Katin Honus Wagner, ɗan wasan Pittsburgh, wanda kamfanin taba ya riƙa sakawa cikin kwalin sigari tsakanin 1909 da 1911, an sayar da guda ɗaya dala miliyan 7.25 a 2022, saboda an dakatar da buga shi da wuri, 'yan kaɗan suka rage a duniya. A watan Agustan 2022 aka sayar da katin Mickey Mantle, ɗan wasan Yankees, na kamfanin Topps, bugun 1952, dala miliyan 12.6. Ni dai zuciyata ba ta son a zuba irin wannan kuɗi a kan kwali alhali akwai mai kwana da yunwa a dangi, amma abin da zuciyar malami ba ta so daban, abin da Allah ya haramta daban. Tara katunan halas ne, matuƙar bai shagaltar da mutum daga salla ba, bai ci haƙƙin iyali ba, kuma babu tsiraici a hoton.

To, tun da dukiya ce, hukuncin gado ya hau kanta, kuma a nan ne amsata ba za ta yi maka daɗi ba, ɗana. Allah ya ce a Suratun Nisa'i, aya ta 7, maza suna da rabo daga abin da iyaye da makusanta suka bari, mata ma suna da rabo, daga abin da ya ƙaranta ko ya yawaita, rabo yankakke. Bai ware abin da mamaci yake sha'awa ba, bai ce a ba wanda ya fi sanin darajarsa ba. Maganar da Baba ya yi maka, cewa katunan naka ne, fuska biyu gare ta. Idan kyauta yake nufi nan take, to kyauta ba ta cika sai wanda aka ba ya karɓa ya riƙe a hannunsa tun mai bayarwa yana da rai da lafiya. Imam Malik ya ruwaito a Muwaɗɗa cewa Sayyidina Abubakar ya ba 'yarsa Nana A'isha kyautar wasƙi ashirin (wasƙi babban ma'auni ne na awo) na dabino daga gonarsa. Da ajali ya zo masa sai ya ce mata, da kin yanke kin kwashe da ya zama naki, amma yau dukiyar magada ce. Wannan fa A'isha ce, mai bayarwa kuma Abubakar. Kai da bakinka ka ce cikin kayansa kuka tarar da akwatunan. Ba su taɓa barin hannunsa ba.

Idan kuwa nufinsa su zama naka bayan ransa, wannan wasiyya ce, kuma babu wasiyya ga magaji, kamar yadda ya zo a hadisin da Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito. Ƙofa ɗaya ta rage maka, ita ce yardar sauran. Duk baligi mai hankali a cikinsu da ya ce ya bar maka rabonsa don cika burin Baba, ya halatta, ya zama kyauta daga gare shi. Amma yarda ta gaskiya, ba wadda aka karɓa da kunya ko da matsin uwa ba. Wanda ya ƙi, ba shi da laifi, kuma kada a riƙe shi a zuci.

Rabon kansa mai sauƙi ne. Bayan an fitar da kuɗin jana'iza, an biya bashi, an zartar da wasiyyar da ya yi wa wanda ba magaji ba, idan akwai, cikin sulusi, sai a kasa dukiyar kashi takwas. Mahaifiyarku tana da tumuni, kashi ɗaya. Kai da yayanka kowa biyu. Mata uku kowacce ɗaya. Rabonka ke nan rubu'in katunan.

Wahalar tana wurin ƙima. Ba a raba katuna da ƙidaya kamar goro, don ɗaya yana iya fin dubu goma daraja. Daga wajen 1987 zuwa farkon shekarun 1990 kamfanoni sun buga katuna ba adadi, kowa ya saya ya ɓoye yana jiran arziki, yau mafi yawansu ko kuɗin kwalin da aka zuba su ba su kai ba. Mai yiwuwa akwati biyar cikin shidan nan irin wannan ne, darajar duka tana cikin kati ashirin. Mai yiwuwa kuma akasin haka. A 2012 wasu jikoki a garin Defiance na jihar Ohio sun tarar da kati kusan 700 na wajen 1910 a ɗakin saman gidan kakansu, aka ƙiyasta su da miliyoyin dala. Don haka tayin mai shago taya ce kawai, ta mutumin da zai saya ya sake sayarwa. Ku nemi masana biyu ko uku waɗanda ba su da niyyar saye su ƙimanta. Waɗanda ake kyautata wa zato a aika wa masu tantancewa irin su PSA, masu ba da maki daga 1 zuwa 10, domin kati ɗaya tak farashinsa kan ninka sau da yawa tsakanin maki da maki. Ladan wannan aiki ijara ce halattacciya, daga dukiyar gadon za a cire ta, da sanin kowa.

Ina ja maka kunne a wuri ɗaya. Kai kaɗai ne cikinku ka san wannan harka. Idan ka ce wa 'yan'uwanka ga dala 4,000 an taya, bari in biya ku rabonku a kan haka, alhali ka san akwai katin da shi kaɗai ya fi wannan, ka ci dukiyarsu da ɓarna ko da sun sa hannu suna murmushi. Wanda ya miƙa maka wuya don ya amince da saninka, cutarsa ta fi muni. Ƙanwarka ta Kumasi, wadda ba ta taɓa ganin akwatunan ba, ita ce ma'auninka. A aika mata jerin kayan da ƙimar masana a rubuce. Bayan haka, idan kana son katunan, saye rabon sauran a kan wannan ƙima, ko a lissafa maka su cikin rabonka na sauran dukiyar, da yardar kowa. Idan akwai jerin shekara guda cikakke wanda rarraba shi zai karya darajarsa, kuma ba ku daidaita ba, a sayar da shi ɗungurungum a raba kuɗin.

Zakka kuma, abin da mutum ya tara don sha'awa ba don ciniki ba, babu zakka a kansa, kamar kayan ɗaki. Abin da aka gada ma haka. Ibn Abi Zaid ya faɗa a Risala cewa wanda ya gaji haja ko aka ba shi kyautarta, ba shi da zakka a kanta har sai ya sayar, sannan kuɗin ya shekara a hannunsa daga ranar da ya karɓa. Wannan ya shafi rubu'in da ka gada. Amma abin da za ka saya da kuɗinka, har da rabon 'yan'uwanka, da niyyar jari, ya zama hajar kasuwanci, ko da ka haɗa niyyar da sha'awa. A mazhabarmu mai ajiye kaya yana jiran kasuwa ta tashi, wanda ake kira muhtakiri, yana fitar da zakka sau ɗaya ne, ranar da ya sayar, idan shekara ta riga ta zagayo kuma kuɗin ya kai nisabi, kimanin giram 85 na zinariya. Yakan fitar da biyu da rabi cikin ɗari. Mai saye da sayarwa kullum, mudiri, shi kan ƙimanta kayansa duk shekara. Sauran mazhabobi suna wajabta ƙimantawar shekara-shekara a kan kowa, kuma wanda ya bi su ya fi taimakon talaka.

Game da jarin, ba haramun ba ne, amma ka shiga da ido biyu. Wanda ya sayar da katin Mantle ɗin nan dala 50,000 ya saye shi a 1991, shi ya sa ake ba da labarinsa. Dubban da suka yi asara ba wanda ya rubuta nasu. Kati ba ya haihuwa, ba ya kawo haya, farashin da ya yi tashin gwauron zabo lokacin annobar korona ya sauko bayanta. Kada ka saya da bashin ruwa. Ka nisanci abin da ake yi a intanet, inda mutane ke biyan kuɗin gurbi, a fasa sabon akwati a gaban kyamara, ƙuri'a ta nuna wanda ya tashi da kati mai tsada da wanda ya tashi hannu wofi. Caca ce, sunan kawai aka sauya, kuma Annabi ya hana cinikin garari, wato cinikin da mai saye bai san abin da zai samu ba. Ka nisanci algus, irin datse gefen kati ko shafa masa launi don ya samu maki, da najashi, wato sa wani ya riƙa ƙara taya a gwanjo ba da niyyar saye ba. Bill Mastro, wanda ya taɓa zama babban mai gidan gwanjon katuna a Amurka, ya amsa a kotu a 2013 cewa ya yi duka biyun, har da datse shahararren katin Wagner, aka ɗaure shi wata 20.

Su kuma 'ya'yanka, kada ka bar musu irin wannan rigimar. Abin da kake son ba su, ba su a hannu kana da rai da lafiya, a gaban shaidu, ka daidaita tsakaninsu kamar yadda Annabi ya umarci mahaifin Nu'umanu ɗan Bashir. Ka rubuta jerin katunan da ƙimarsu ka ajiye inda za a gani. Ka nemi lauya ya rubuta maka wasiyyar da ta ce a raba dukiyarka bisa shari'ar Musulunci, don a New York wanda ya mutu ba wasiyya dokar jiha ce ke raba masa.

Allah ne mafi sani.