Shin mutuwar bos a ƙarshen fim tana mayar da fim ɗin wa'azi?

Tambaya:

Assalamu alaikum. Allah Ya gafarta Malam, ni ɗalibi ne a sashen koyon aikin jarida, ina da shafi a Facebook da TikTok inda nake sharhin fina-finan 'yan Mafiya da dillalan ƙwaya. Nakan kwatanta daraktoci irin su Coppola da Scorsese da De Palma, in nuna yadda kowannensu yake zana mugu. Abokina ya ce aikin haramun ne baki ɗaya. Na kuma ji wani malami ya ce muddin mugu ya yi mummunan ƙarshe to fim ɗin wa'azi ne, tunda Alƙur'ani ma ya ba da labarin Fir'auna da Ƙaruna. Don in jawo masu karatu nakan yanko guntun bidiyo na daƙiƙa talatin, galibi inda bos yake shigowa ko yake ba da umarni, ƙanena ɗan shekara 14 yana taya ni ɗora masa kiɗa. Mene ne hukuncin wannan kallo da sharhi, da ɗan kuɗin talla da ya fara shigowa?

Amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, ka yi tambaya a kan kallo da sharhi, amma abin da ya tsayar da ni shi ne wanda ka jefo a ƙarshe kamar ba komai ba: daƙiƙa talatin, da yaro ɗan shekara 14. Zan zo kansu.

Kallon tsiraici haramun ne, babu saɓani, fina-finan da kake magana kuwa ba su kuɓuta daga shi ba, kuma sunan nazari ba ya wanke shi. Saɓanin malamai kan kiɗa da kan wasan kwaikwayo kansa ka san shi. Abokinka shi ma ya zarce: Huzaifa, Allah Ya yarda da shi, kan sharri yake tambayar Annabi (SAW) don tsoron kada ya riske shi, kuma Allah Ya ce Yana fayyace ayoyi domin hanyar masu laifi ta bayyana. Don haka magana a kan yadda ake zana mugu halal ce a asalinta.

Maganar malamin nan ce nake so mu zauna a kanta, domin ta yaɗu, kuma tana da daɗin ji. Ina kyautata masa zato, amma ma'aunin da ya kawo ba ya auna komai. Mu gwada shi a kan daraktocin da kai ka ambata. Ba zan ɓoye maka ba, wasu daga cikin fina-finan nan na san su tun zamanin kaset ɗin bidiyo, Allah Ya yafe mana ƙuruciya.

Ɗauki Scarface na De Palma, na 1983. A ma'aunin malamin wannan fim ya ci jarrabawa da maki mai yawa, domin dillalin hodar iblis ɗin ya kashe amininsa da hannunsa, an kashe ƙanwarsa a gabansa, shi ma aka harbe shi ya faɗo cikin kwarmin ruwan da ke tsakar gidansa. To amma ta yaya ya mutu? A tsaye, shi kaɗai yana fuskantar runduna, harsasai suna shigarsa yana ihu, sai da aka zagayo ta bayansa. Yaron da ke kallo mutuwar jarumi ya gani. Kuma fim ɗin ya kusa awa uku, mafi yawansa hawa ne: kuɗi a jaka, mota, kwat, gida. Shaida kuwa ba sai an yi hasashe ba. A Casal di Principe, kusa da Napoli a Italiya, wani jigon Camorra, ƙungiyar 'yan Mafiyar yankin, mai suna Walter Schiavone ya sa an gina masa gida irin na cikin fim ɗin, wanda daga baya hukuma ta ƙwace. Mutumin nan ya ga ƙarshen fim ɗin sarai. Gidan ya ɗauka, ya bar gawar.

The Godfather na Coppola, na 1972, shi kuma ya faɗi jarrabawar malamin warwas, tunda tsohon bos a lambunsa ya cika yana wasa da jikansa, ɗan da ya gaje shi kuma aka rufe fim ana sumbatar hannunsa. Duk da haka a cikinsa akwai wurin da ya fi ko'ina tona asirin munafunci: ɗan yana tsaye a coci yana furta cewa ya yi watsi da Shaiɗan, a daidai lokacin yaransa suna bin abokan gabarsa suna kashewa. Haɗarin wannan fim a wani waje yake. An buɗe shi da wani uba da kotu ta kasa bi wa 'yarsa hakki, ya kawo kukansa wurin bos. Tun daga nan an naɗa maka ɗan ta'adda a matsayin sarki adali, mai zumunci, mai cika alkawari. Ɗan kasuwar da ake tatsa, da matar da aka mayar bazawara, da wuya kyamara ta tsaya a kansu. Sai ka fita kana ganin ashe su ma mutanen kirki ne da duniya ta matsa wa. Har kalmar Mafiya sai da aka cire daga fim ɗin, bayan matsin lambar wata ƙungiya da Joseph Colombo ya kafa, shi kuwa shugaban ɗaya daga gidajen Mafiya biyar ne na New York.

Scorsese a Goodfellas, na 1990, ya fi su rage wa mugu kwarjini. Labarin mutum ne na gaske, Henry Hill. A nan za ka ga an bindige yaro mai kawo abin sha saboda ya mayar da magana ɗaya, damuwar waɗanda ke wurin kawai wa zai haƙa ramin. Abokai suna cin amanar juna a kan ganima. Amma da mai labarin ya tsira ta hanyar tona asirin 'yan uwansa, abin da yake kuka da shi shi ne ya zama gama-garin mutum mai bin layi. Nadamar rasa daɗi ce, babu tuba a ciki. Sashen farko na fim ɗin kuwa, inda Hill yake ratsawa da budurwarsa ta ƙofar baya zuwa cikin gidan rawa, kowa yana gaishe shi, ana ɗauko masa teburi, zuma ce zalla.

Da za ka tambaye ni wanda ya fi kusa da nuna abin yadda yake, sai in ce Matteo Garrone a Gomorra, na 2008. Babu jarumi a ciki. Akwai samari biyu masu kwaikwayon bos ɗin Scarface, aka kashe su ba tare da wani biki ba, aka kwashe gawarsu a bokitin motar kwasar ƙasa. Wannan kwatanci ne nake yi maka, kada ka je ka ce Malam ya halatta shi, domin shi ma yana ɗauke da abin da na haramta a sama.

Su kansu Amurkawa sun gwada ma'aunin malamin kafin a haife mu. Dokar tace fim da suka rubuta a 1930, suka tsananta ta daga 1934 har zuwa 1968, ta hana a karkatar da tausayin mai kallo zuwa ga mai laifi, ta hana koyar da dabarun aikata laifi. Scarface na farko, na 1932, sai da masu tacewa suka sa aka manna masa gargaɗi a farko. Masu fim suka gane hanya: a ba mugu fim ɗin duka, a ba doka minti biyar na ƙarshe.

Kiyasi da ƙissar Ƙaruna kuwa, ɗana, buɗe Suratul Ƙasas ka karanta daga aya ta 76. Kafin a ambaci taskokinsa sai da aka ce ya yi wa mutanensa zalunci da girman kai. Hukunci ya riga ado isowa. Fitowarsa cikin ƙawa kalmomi kaɗan ne, "fi zinatihi", ba a tsaya siffanta tufa ko abin hawa ba. Da masu son duniya suka ce ina ma su ne, ayar da ke biye ma'abuta ilimi ne suka ce musu kaitonku. Sai ƙasa ta haɗiye shi da gidansa, sai aka dawo da masu burin nan aka nuna su sun wayi gari suna janye maganarsu. Ba a bar mai sauraro shi kaɗai da sha'awarsa ko na aya guda ba. Haka kisan ɗan Adamu na farko a Ma'ida: ransa ya sawwaƙe masa, ya kashe, ya wayi gari cikin masu hasara. Da me ya kashe, ta ina ya ɓullo masa, ba a faɗa ba. Alƙur'ani ya ba da labarin sharri, amma ƙawata mummunan aiki har mai shi ya gan shi kyakkyawa, wannan ga Shaiɗan ya jingina shi a wurare da dama. Abin da ake dubawa ke nan a fim: wa aka ƙawata, kuma bayan wa zuciyar mai kallo take bi. Mutuwar bos a minti na ƙarshe ba ta amsa wannan.

Yanzu guntayenka. Ko da mun sallama wa malamin, hujjarsa ba ta kai gare ka ba, domin kai ƙarshen ne kake yankewa ka yar. Abin da kake ɗorawa shi ne fitowar Ƙaruna cikin ado, ba aya ta 80, ba ta 81, ka kuma ƙara masa kiɗa. Ka faɗa da bakinka cewa don su jawo mutane kake zaɓar su, wato ka san me ke jan su. Imam Ƙarafi, malamin fiƙihun Malikiyya, ya kasa hanyoyin ɓarna: akwai wadda aka haɗu ba a toshe ta, kamar shuka inabi don tsoron a yi giya, akwai wadda aka haɗu a toshe, kamar haƙa rami a kan hanyar Musulmi. Rubutaccen sharhinka inabi ne. Guntayen nan rami ne, kuma ka san irin hanyar da ka haƙa shi: garuruwan da ake soke mutum a kan waya, har a 2021 Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano ta hana fina-finan da ke nuna garkuwa da mutane da shaye-shaye da ƙwacen waya. Yanka su da yaɗa su a wannan siffa haramun ne, kuma hadisin wanda ya yi kira zuwa ga ɓata ba ya buƙatar in karanto maka. Ka goge su. Kuɗin da ka riga ka ci cikin rashin sani ban ce ka biya ba. Abin da ya rage wanda ka san guntayen ne suka kawo shi, ka fitar da shi ga mabuƙaci, ba da niyyar sadaka ba. Ga kuma hakkin mallaka na masu fim ɗin, wanda majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta tabbatar da irinsa tun 1988.

Sharhi a rubuce ka ci gaba, in har za ka iya tsallake abin da ya haramta, kuma kada ka zama mai tura mutane su je su kalla. Duk fim ɗin da ka ɗauko, ka nemo wanda aka zalunta a ciki ka ba shi wurin da darakta ya hana shi. Wannan ma ya fi kusa da aikin jaridar da kake koya. Ka kuma riƙa bincikar zuciyarka. In ka ji ranka ya ɓaci lokacin da aka kama bos, ko ka tsinci kanka kana masa fatan tsira, ka dakata na wani lokaci, domin Abu Dawud ya ruwaito cewa wanda bai halarci saɓo ba amma ya yarda da shi kamar wanda ya halarta ne. Fim mai awa uku kuma da dare ake kallonsa, ka duba asubarka.

Ƙanenka shi ya fi damuna. Kai kana kallo da idon mai kwatanta daraktoci, shi kuwa wanda yake ɗora kiɗa sai ya maimaita fitowa ɗaya sau da yawa yana neman inda za ta fi burgewa. Ka koya masa ƙawata mugu da hannunsa. Ka cire shi daga wannan aiki yau, amma kada ka kore shi da tsawa, tunda kai ka jawo shi. Ka faɗa masa kuskurenka ne, ka samo masa wani abin da zai tace, ko bidiyon walimar makarantarsu ne ko sana'ar wani a unguwa. Ka saurari sunan da abokansa suke kiransa da shi, ka duba hoton da ya sa a fuskar wayarsa. In ka ga abin da bai kwanta maka ba, ka sanar da mahaifinku.

Wallahu a'alam.