Na nemi shirin darasi a ChatGPT, ya ba ni abin da bai dace da ajina ba

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malamar firamare ce a Daura, ina koyar da lissafi a aji huɗu. Na rubuta wa ChatGPT cewa ya shirya mini darasi a kan rabi da sulusi da rubu'i. Abin da ya kawo ya yi tsawo, misalansa duk na wani abincin Turawa ne wai shi fiza, har yana cewa kowane yaro ya buɗe kwamfutarsa. Yarana sun haura saba'in, allo da alli kaɗai gare mu. Ni ce ban iya ba, ko abin ba namu ba ne?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Kin iya, sai dai kin aiki baƙo kasuwa ba ki yi masa kwatance ba. Baƙo kuwa ko da ido makaho ne.

ChatGPT, wanda kamfanin OpenAI ya fito da shi a Nuwamban 2022, da 'yan uwansa irin su Gemini da Claude da Meta AI na cikin WhatsApp, duk an horar da su ne da tarin rubuce-rubuce, mafi yawa na Turanci. Aikinsu hasashen kalmar da ta fi dacewa ta biyo baya. In kika bar giɓi a umarninki, sai su cike shi da abin da suka fi cin karo da shi, wato ajin Amurka da fizarsa.

Ki ɗauka ɗalibin kwalejin ilimi aka turo miki koyon aikin koyarwa, yau ya fara shigowa makarantarku. Me za ki faɗa masa kafin ki miƙa masa alli? Shi za ki rubuta. Ga misali:

"Ni malamar lissafi ce a aji huɗu na firamare a Daura, jihar Katsina. Yarana sun haura 70, Hausa suke ji, Turancinsu kaɗan ne. Sun iya raba abu gida biyu, amma suna ɗauka rubu'i ya fi sulusi yawa saboda 4 ta fi 3. Shirya mini darasin minti 35 da zai gyara wannan kuskure. Allo da alli kawai muke da su. Yi misali da dunƙulen fura, da rake, da tiyar gero. Ka ƙare da tambayoyi biyar da amsoshinsu. Kada ya wuce shafi ɗaya."

Jimlar da ta fi kowace tsada a nan ita ce ta kuskuren yaran. Ke kaɗai kika san ta, domin ke kike duba littattafansu. Da ita na'urar za ta daina zubo bayanin da kowa ya sani, ta nufi inda ciwon yake: ta sa a yanka rake ɗaya gida uku, wani mai tsawonsa gida huɗu, yara su gani da idonsu wane gutsure ya fi. In kina da manhajar karatu ta NERDC, hukumar da ke tsara manhajar makarantun Najeriya, a hannu, ki kwafa wa ChatGPT manufar darasin yadda take, kada ya yi miki tasa.

Amsar farko ba ita ce ta ƙarshe ba. Ciniki ne. Ki ce "ka gajarta", ko "tambaya ta uku ta fi ƙarfinsu, sauƙaƙa ta". Ni nakan ma rufe umarnina da cewa ya fara yi mini tambayoyi a kan abin da bai gane ba kafin ya soma, kuma sau da yawa yakan tuno mini abin da na manta.

Batun harshe: yana jin Hausa, amma Hausarsa ba ta kai Turancinsa ba. Yakan mai da mace namiji, ya yar da ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ, ya kawo kalmar da ba mai faɗinta a Daura. Ki karanta a bayyane ki gyara kafin ki hau allo da ita.

Sannan ki lissafa amsoshin da kanki. Yana yin kuskure cikin natsuwa, da murya irin ta wanda ya tabbata. A tarihin gida abin ya fi muni: jihar Katsina an ƙirƙiro ta a 1987, tana da ƙananan hukumomi 34, wannan kina iya tantancewa. Amma in ya ba ki takamaimiyar ranar da Bayajida ya kashe macijiya a rijiyar Kusugu, ki san ƙirƙira ya yi, don labari ne da aka gada baki da baki.

Kada kuma ki saka sunayen yara ko sakamakon jarrabawarsu a ciki. "Wani yaro" ya wadatar.

Ki gwada wancan umarni gobe, ki sauya abin da bai yi daidai da ajinki ba. In lokacin rake ya wuce, karan dawa ma ya isa.