Kullun waina yana tumbatsa kafin asuba

Kin ce kina kwaɓa kullun waina da daddare, kafin asuba ya tashi ya malale ƙasa, ga tsami kamar an matsa tsamiya. 'Yar'uwa, zafi ne da yawan yis.

Shi yis abu ne mai rai. Sukari yake ci, yana fitar da iska, iskar nan ce ke kumbura kullun. Zafi kuwa gaggauta shi yake yi. A watan Afrilu Kano takan kai digiri 40, ɗaki ma ba ya hucewa da dare. Kullun da zai kwana lafiya a hunturu, yanzu awa uku ko huɗu sun ishe shi.

Ki rage yis ɗin zuwa rabi, ki bar sukarin sai za ki fara suya. Ki kwaɓa a roba mai girma, kullun kada ya wuce rabinta, kuma kar ki danne murfi. Ni na taɓa rufewa gam, na tashi sallah na tarar murfin yana bakin ƙofa, kullu har jikin bango. In kin ga ya taso, ki juya shi da ludayi ya sace, ki sa a firji. In ba wuta, kamar yadda muka saba, ki tsoma robar cikin baho mai ruwan randa.

Wanda ya riga ya yi tsami, ɗan ruwan kanwa zai kashe tsamin. Kaɗan dai, in ta yi yawa wainar takan yi ɗaci.